Ranar da Aka Auna Jijiyoyina da Wuta

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kwantar da ni a wani ɗan ƙaramin ɗaki a Yamai, daga ni sai gajeren wando, aka ce za a auna jijiyoyina da wutar lantarki. Na so in manta. Na roƙi Allah a kan haka fiye da yadda na roƙe Shi a kan abubuwa masu amfani, amma har yau ranar tana nan daram a kaina.

A lokacin ni ma'aikacin kula da lafiyar dabbobi ne a Filinge. Aikina allurar rigakafi: in hau babur in bi rugage da kasuwanni, yau Damana, gobe can wajen Abala, jibi wani lungu na Tondikandiya da ko sunansa ba kowa ya sani ba. Duk ƙasar Kurfai ana ce mini Mushe Allura, wato Malam Allura a bakin masu Faransanci. Ni kuwa ina jin daɗin sunan fiye da kima. Ina da wata irin tafiya da na ƙirƙiro wa kaina, hannu ɗaya a baya, kai a sama, kuma idan na ga makiyayi ya ɗaura wa saniyarsa laya a ƙaho, sai na tsayar da aiki na yi masa lacca a kan ilimin zamani (makiyayan suna saurare cikin ladabi, in na juya baya su ƙara ɗaura wata).

Ciwon ya fara ne a hankali, a babban yatsan hannuna na dama. Na lura in zan danna sirinji sai na haɗa da tafin hannu. Daga baya naman da ke gindin yatsan ya soma lotsawa, kamar an kwashe shi da cokali. Ba zafi, ba kumburi, ba komai, kawai hannun ya daina jin maganata. Wani lokaci ina zaune sai in ga tsokar damtsena tana ta motsi ita kaɗai a ƙarƙashin fata. Ranar wata kasuwar Damana sirinji ya suɓuce mini ya faɗi a ƙarƙashin bijimi, na sunkuya zan ɗauka, yatsuna suka ƙi kamawa. Na ce wa mai bijimin zufa ce. Ya dube ni, ya dubi hannun, ya ɗauko mini sirinjin.

Sojoji ne ke mulki a shekarar, kuma jita-jita ta cika ofisoshi cewa za a tantance ma'aikata, a sallami duk wanda ba ya iya aikinsa. Ban san ko gaskiya ne ba, amma ni dai na ji tsoro. Mai allura da ba ya iya danna allura, me za a ajiye shi ya yi? Saboda haka na ɓoye. Na koma sa riga mai dogon hannu, na koma gaisawa da mutane da hannu biyu kamar wani mai tsananin ladabi. Babu wanda ya sani sai uwargidana Mariyama, don ita ke ɗaure mini mazagin wando da safe.

Likitan Filinge ya duba, ya ƙwanƙwasa mini gwiwa da ƴar gudumarsa, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Ya ce akwai wani likitan jijiya a Yamai mai wata na'ura da ke tura wuta cikin jijiya a ga ko saƙo yana wucewa, kuma a soka siririyar allura a tsoka a saurari abin da take faɗa. Ya samo mini randebu, wato ranar ganin likitan. Na gaya wa mutanen ofis taro zan je. Haka na gaya wa ɗana Hamidu ma.

Sai na yi muku bayanin Hamidu kafin in ci gaba, don a nan masifar take. An sa masa rana da wata yarinya mai suna Balkisa, ɗiyar wani mai sayar da atamfa a kasuwar Filinge, za a ɗaura aure bayan an kai gero rumbu. Sau ɗaya tak ta taɓa gaishe ni, daga nesa, a durƙushe, fuskarta a rufe da mayafi. Ni kuma na amsa da wata murya mai kauri da na tanada musamman don surukai, ina kallon bango. Na san tana aikin jinya a Yamai. Ban taɓa tambayar wane asibiti ba, don a ganina tambaya irin wannan tana rage wa uban miji kwarjini.

Ana gobe tafiya Mariyama ta shiga ta fita. Ta je wurin wani malami ta karɓo guru na ɗaurawa a ƙugu da kambu biyu na damtse, ta haɗa da wata tsohuwar laya ta marigayiya mahaifiyata.

Na ce, "Ni zan ɗaura waɗanga? Ni da nike hana Fulani?"

Ta ce, "Malam, wuta za su sa maka. Ka taɓa jin an sa ma mutum wuta ya tashi lahiya? Wa zai gani, cikin riga suke."

Na yi ƴar gardama don kada a ce ban yi ba, sannan na ɗaga hannuwa ta ɗaura (gaskiya ni ma maganar wutar ta tsaya mini a rai, don a zamanin soja idan aka ce an sa wa mutum wuta, ba asibiti ake nufi ba). Da asuba kuma ta mulke mini hannun da man kaɗe tun daga kafaɗa har farce, wai jijiya ta yi laushi, ta ba ni saura in ƙara shafawa ranar gwajin.

A hanya motarmu ta tsaya Baleyara. Ni idan hankalina ya tashi ci nake yi. Na ci kopto, wato kwaɗon zogale da ƙuli, kwano guda cike, na bi da dafaffen ƙwai, na kora da nono. A Yamai na sauka gidan wani tsohon abokina na lekol, wanda muka yi makaranta tare, washegari da safe matarsa ta kawo shinkafa da wake da mai da yaji. Na ce na ƙoshi, ta ce ai ba a zuwa asibiti da yunwa. Na cinye tas. Ina ambaton wannan duka ne don a san ban zo wa ƙaddara hannu wofi ba, ni na taimaka mata.

Ɗakin gwajin ƙarami ne. Gado ɗaya, kujerar ƙarfe, fanka a sama, sai na'urar a kan tebur mai taya, da allo kamar na talabijin da wayoyi kala-kala suna reto. Likitan Bazabarme ne, dogo, mai furfura a gemu, ba ya yawan magana. Muka gaisa da Faransanci, na tabbatar ya san ni ma ma'aikacin lafiya ne, kusan abokin aikinsa. Ya ce madalla. Ya duba hannun ya daɗe, ya sa na fito da harshe ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce in tuɓe, a bar gajeren wando kawai, don zai duba har ƙafa da baya. Ya leƙa ƙofa ya kira mai taimaka masa.

Ina tsaye na cire hula, riga ta kai wuya, kaina a ciki, sai na ji an yi sallama da muryar da ba ta Yamai ba. Muryar gida ce, irin tamu ta Kurfai. Na fizge rigar daga kaina. Balkisa ce, cikin farar riga, riƙe da tire.

Ta gane ni kafin in gane ta.  Ta durƙusa nan take a kan siminti, ta sunkuyar da kai.

"Baba, ina kwana. An zo lahiya?"

Na nemi muryar nan mai kauri, ban same ta ba. Abin da ya fito wata ƴar siririyar murya ce kamar ta ɗan akuya. Ina tsaye, tumbi a waje, guru a ƙugu, kambu a kowane damtse, layar mahaifiyata tana lilo a ƙirji. Likitan ya tambaya ko mun san juna. Ta ce da Faransanci, a hankali, "Mahaifin wanda zan aura ne." Ya ce to ai ya yi kyau, zan fi sakin jiki. Ta roƙe shi ko za a kira wata, ya ce babu wata, ita kaɗai ta iya na'urar, kuma mutane suna jira a waje.

Sannan ya nuna kayan Mariyama da biro, ya ce a cire duka. Hannuna ba ya iya kwance ƙulli. Balkisa ce ta kwance su ɗaya bayan ɗaya, fuskarta a juye gefe, tana jera su a tiren da ake sa almakashi. Likitan ya ɗaga gurun da yatsa biyu ya ce, "Abokin aiki, wannan na wane ciwo ne?" Na ce na uwargida ne. Ban san me nake nufi ba, shi ma bai tambaya ba.

Na kwanta. Aka zo manna ƴan faifan da ke kama saƙon jijiya, suka ƙi zama, suna zamewa a kan man kaɗe. Likitan ya yi tsaki, ya ce ba a gaya mini kada in shafa mai ba? Dole Balkisa ta ɗauko auduga da alkol ta shiga goge hannun surukinta tun daga yatsu har hammata. Ni ina kallon fanka. Ita tana kallon auduga. Duk wanda ya san yadda muke da surukai a Kurfai, inda mutum zai canja hanya don kada ya haɗu da matar ɗansa a lungu, ya san a wannan lokacin na riga na mutu sau ɗaya.

Aka fara. Likitan ya auna hannuna da awon tela, ya ɗiga alamu da biro, ya ɗora wani abu mai ƙahonni biyu a wuyan hannuna. Ya ce zan ji ɗan tsikari. Na farko kamar cizon tururuwa ne, har na yi murmushin manya. Ya murɗa wani maɓalli. Na biyu ya sa babban yatsana ya yi tsalle shi kaɗai, yatsan da na yi watanni ina lallashi ya ƙi motsi. Ya ƙara murɗawa. Na ukun da ya buga a gwiwar hannu, sai na ji bakina ya ce, "Wayyo Inna." Inna ta rasu tun kafin a haifi Hamidu. Balkisa ta ce, "Sannu Baba," ba ta ɗago ba. Haka aka yi ta yi, dama da hagu, hannu da ƙafa, ina zabura kamar kifin da aka jefa a tudu.

Da aka gama na wuta, likitan ya ce saura na allura. Ya fito da wata siririyar allura mai waya a gindi. Ni da na soka wa shanun Kurfai allurar da ta fi wannan kauri nesa ba kusa ba, ina yi wa masu su dariya idan sun kau da kai, sai ga ni na runtse ido ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ya soka a gindin babban yatsa, ya ce in saki jiki sarai. Na'urar tana da lasifika. Da allurar ta shiga sai ɗakin ya cika da wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar farkon ruwan sama a kan kwano. Na tambaya ko haka ake so. Ya ce tsoka mai lafiya shiru take yi idan tana hutawa. Bai ƙara ba. Ya soka a damtse, ƙarar ta dawo. Ya soka a hannun hagu, wanda nake ganin lafiyarsa ƙalau, ƙarar ta dawo. Na ga ya dubi Balkisa, ita kuma ta dubi allo ta daɗe.

Da ina da hankali, da a nan zan tsorata. Amma hankalina yana wani wuri, domin tun lokacin da aka fara buga mini wuta cikina ya soma nasa taron. Waken safe ya samu kopton jiya, suka haɗa kai da ƙwai da nono. Ina jin abin yana yawo, ya hau dama, ya gangara hagu, ya zo ƙofa ya tsaya. Na matse. Duk ƙarfin da ya rage a jikina na tattara shi wuri ɗaya.

Likitan ya koma cinya. Ya soka allurar, ya saurara, sannan ya ce wa Balkisa ta riƙe mini idon sawu ta danna ƙasa. Ya ce, "Ɗaga ƙafar, ka ture hannunta." Na ɗaga kaɗan. Ya ce, "Da ƙarfi." Na ƙara kaɗan. Lasifikar tana ta ƙara kamar ana suya. Ya ce, "Abokin aiki, ba wasa muke ba. Ina so in ga iyakar ƙarfinka. Duka." Kuma ga Balkisa a wajen ƙafafuna. Wani banzan tunani ya zo mini cewa kada yarinyar nan ta koma tana ganin uban mijinta ba ya iya ture hannun mace. Na cije, na yunƙura da dukkan abin da Allah Ya ba ni.

A daidai wannan lokacin aka ɗauke wuta. Lasifika ta mutu, fanka ta tsaya, ɗakin ya yi tsit. Cikin wannan shirun abin da nake tsarewa ya kuɓuce.

Ba ƙarama ba ce. Da ƙarama ce da na yi tari na rufe. Doguwa ce, mai hawa da sauka, ta fara da kauri ta ƙare da siririyar murya kamar mai tambaya. Na yi ƙoƙarin tsayar da ita a tsakiya, sai ta rabu biyu. Kuma tagar ɗakin a rufe take.

Babu wanda ya motsa. Can sai na ji ƙiiii, Balkisa ta ja kujerar ƙarfen nan a kan siminti, da gangan, bayan komai ya riga ya wuce. Ta ce da Hausa, "Kujerar ga ta tsuhwa, Baba. Kullum haka take yi."

Wannan alherin nata ya fi tusar kashe ni. Likitan ya zare allurarsa a natse, ya goge wurin da auduga, ya ce, "To, wannan tsokar dai ba ta da matsala." Ya tashi ya buɗe taga.

Wutar ta dawo, aka ƙarasa. An juya ni an soka a baya, har ƙarƙashin haɓa an soka, ban ji komai ba. Da aka gama ya ce in sa kaya in zauna. Ya jawo kujera kusa da ni, ya cire tabarau, ya yi magana mai tsawo da murya ƙasa-ƙasa. Na ga bakinsa yana motsi. Na ji kalmomi suna wucewa, jijiya, tsoka, a hankali, iyali. Ina ta gyaɗa kai ina cewa to, to. Wallahi ko jimla ɗaya ba ta shiga ba. Abin da nake lissafawa kawai shi ne nisan da ke tsakanina da ƙofa, da kuma ko Balkisa za ta fara gaya wa uwarta ne ko ƙawayenta. Da ya tambaya ko ina da tambaya, na ce babu, na gode. Na fita da sauri, ban karɓi sakamako ba, ban karɓi guruna ba, ban koma gidan abokina ba. Tasha na nufa.

Na dawo Filinge na shige ɗaki. Mariyama ta tambayi abin da likita ya ce, na ce ya ce gajiya ce. Ta tambayi kayanta, na ce na'ura ta cinye. Na daina bin hanyar rumfar uban Balkisa. Idan na ji mata suna dariya a bakin famfo sai in tabbata da ni suke. Yaro ya yi wani sauti da baki a lungu, sai gabana ya faɗi. Na daina zaman majalisa bayan la'asar.

Sai na yi abin da ya fi tusar muni. Na kira Mariyama na ce na sake tunani a kan auren Hamidu. Na ce yarinyar da ke aiki cikin maza, tana taɓa jikin kowa, ba ta dace da gidanmu ba.

Mariyama ta ajiye tsintsiya. "Malam, kai da bakinka ka ce ɗiyar mutunci ce. Mi ta yi maka?"

"Ba ta yi komi ba."

"To mi anka yi a Yamai?"

Na ce ba a yi komai ba, na tashi na bar mata wurin. Maganar ta kai kunnen Hamidu. Bai zo ya yi mini gardama ba, ba halinsa ba ne. Ya dai daina cin abinci a gida, ya rame, idan ya gaishe ni ba ya ɗago ido. Ina gani, na san zalunci nake yi, amma duk lokacin da na tuna yarinyar nan za ta shigo gidana ta zauna, ta riƙa kawo mini ruwan alwala da wannan abu a cikin kanta, sai in ji gara a fasa.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ina kwance a ɗaki, Mariyama ta leƙo ta ce ina da baƙuwa. Kafin in ce ba na nan, na ji sallamar. Balkisa ba ta shigo ba. Ta durƙusa a bayan labule, inuwarta kawai nake gani. Ta turo wani ƙullin ɗankwali ta ƙarƙashi, guruna ne da kambuna da layar Inna. Mariyama ta tsaya daga gefe.

Ta ce, "Baba, ka yi mini gahwara da na zo ba a kira ni ba. Likita ya ce ya ga alamar ba ka ji abin da ya hwaɗa ba. Ya ce in ba ka dawo ba, a samu wanda zai gaya maka. Na ga gara ni."

Na tashi zaune. Ta ci gaba, a hankali, da Hausar da ba ta da wurin ɓuya. Ta ce wayoyin jiki, wato jijiyoyin da ke kawo ji, lafiyarsu lau, shi ya sa ba na jin zafi ko dindiris, wato mutuwar fata. Waɗanda ke kai wa tsoka umarni ne suke mutuwa, tun daga tushensu. Ƙarar nan da na ji kamar ruwa a kan kwano, tsoka ce da jijiyarta ta bar ta. Ta ce ba hannun dama kaɗai ba ne, an ji ta a hagu, an ji ta a cinya da baya. Ta ce nawa irin mai tafiya a hankali ne, amma ba ya komawa baya, kuma babu maganin da ke tsayar da shi, ko a Yamai ko a waje. Hannu zai tafi, ƙafa za ta bi.

Na ji Mariyama ta zauna a ƙasa. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, tambayar da ta fara fitowa daga bakina ita ce, "Kin hwaɗa ma Hamidu?"

Ta ce, "Wanne daga ciki, Baba?"

Ba ta jira amsata ba. Ta ce, "Ko ɗaya ban hwaɗa ma kowa ba. Abin da anka yi a ɗakin likita, can yake zama. Amma wanga na ciwo, ya kamata ya ji daga bakinka." Sannan ta ce ta ji maganar fasa aure, kuma ba ta zo roƙo ba, hukunci nawa ne. Ta dai nemi a maido ta asibitin Filinge, don ko an yi auren ko ba a yi ba, zan buƙaci wanda ya san yadda ake juya mai irin wannan ciwo da yadda ake ba shi abinci kada ya shaƙe.

Da ta tafi Mariyama ta share hawaye, ta dube ni ta ce, "Mi ne na biyun?" Na gaya mata. Ta yi dariya tana kuka, ta yi kuka tana dariya, har ta kasa tashi. Ta ce, "Saboda iska za ka kashe ma ɗanka aure?" Na ce ba ta ji irin iskar ba ne.

An ɗaura auren bayan girbi kamar yadda aka sa. Sojoji suka shirya zaɓe suka koma bariki, tantancewar da na ji wa tsoro ba a ma yi ta ba. Ni da kaina na ajiye aikin, ranar da na kasa riƙe kan babur a hanyar Abala na faɗa cikin geza. Hannun dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu ya bi shi. Yanzu ƙafafu sun soma, masallacin ƙofar gida ma sai an riƙe ni. Mariyama ta tsufa, bayanta ba ya ɗaukar nauyi, Hamidu yana wurin aiki har yamma. Saboda haka Balkisa ce ke ɗaga ni, ita ke ba ni fura a baki da cokali, ita ke goge mini haɓa. Akwai abubuwan da take yi mini waɗanda ba zan faɗa ba. Har yau idan za ta shigo sai ta durƙusa ta ce, "Baba, ina kwana," kamar ina nan da kwarjinina. Ba ta taɓa tayar da maganar ranar nan ba, ko da ido.

Wani lokaci ina kwance ina kallon rufi, sai in tuna an zaunar da ni an gaya mini yadda ƙarshena zai kasance, cikin natsuwa da tausayi, ni kuwa ina can ina makokin tusa. Mutum ɗaya a duniya da ya san abin da ke cikin jikina ya ba ni dama in yi tambaya, na ce babu, na gode. Yau tambayoyin sun cika mini kai, ba kuma ni da ƙafar zuwa Yamai.

Idan akwai darasi, to ga shi, kyauta. Ranar da za a auna maka jijiya kada ka shafa mai, kada ka ci wake, kuma ka binciki inda surukarka take aiki tun kafin a sa rana. Idan kuma duk da haka abin ya kuɓuce, ka bar shi ya tafi, ka buɗe kunne ka ji abin da likita ke faɗa. Kunya ba ta kashe kowa, na gwada, ta ƙi. Abin da ke kashewar shiru yake zuwa, ba ya ko wari.